Fashin Baƙi: Ƙara kaifin fatar samfurin dijital, da abin da hakan ke nufi ga tukwanen kushewa na ƙasar Zuru

Duk samfurin dijital mai tsawo da faɗi da kauri, irin wanda aka fi sani da 3D, wanda mutum ke juyawa da yatsa a allon waya ya duba gabansa da bayansa, abu biyu ne aka haɗa. Na farko shi ne ƙashi: raga ce ta dubbai ko miliyoyin ƙananan alwatika da ke bai wa abin siffarsa. Na biyu shi ne fata: hoto ne shimfiɗaɗɗe da ake lulluɓa wa ragar, mai ɗauke da launi da tabo da tsaga da ƙura da duk abin da ido ke gani a jikin abu. Wannan hoton shi ne taswirar fata, kuma kaifinsa ya rataya ne a kan yawan ɗigon da ke cikinsa.

Idan ɗigon ya yi kaɗan, da zarar an matso da samfurin kusa sai fatar ta yi dishi-dishi kamar hoton da aka tura aka sake turawa sau goma. Masu wasannin kwamfuta da masu fim sun daɗe suna neman maganin wannan, kuma yanzu manhajoji sun yi yawa da ke alkawarin ninka kaifin kowace fata cikin daƙiƙoƙi. A wasa ko a fim, hakan ado ne. Amma idan samfurin na kayan tarihi ne, wanda wata rana za a iya buƙatarsa a matsayin hujja cewa wani abu da aka gani a kantin gwanjo a Turai daga wani ƙauye a Kebbi aka sato shi, to hanyar da aka bi wajen ƙara kaifin ita ce za ta raba gardama.

Yadda ake fiɗe samfuri

Dabarar lulluɓa hoto a kan siffar kwamfuta ta samo asali ne daga aikin digirin digirgir na Edwin Catmull a Jami'ar Utah da ke Amurka a 1974. Shi ne daga baya ya shiga cikin waɗanda suka kafa kamfanin fina-finan zane na Pixar. Matsalar da ya fuskanta tana nan har yau: hoto shimfiɗaɗɗe ne, tulu kuwa zagayayye. Don haka dole a fiɗe samfurin tamkar yadda mahauci ke fiɗe rago, a tsaga fatar a wasu wurare, a baje ta a ƙasa kamar yadda majema ke shanya ƙirgi. Kowane yanki na fatar sai a ba shi gurbinsa a cikin hoto mai kusurwa huɗu, kwamfuta kuma ta riƙe lissafin inda kowane ɗigo zai koma a jikin samfurin.

Fata ɗaya ba ta isa samfuri na zamani. Akwai taswirar launi, akwai ta kaushi da santsi wadda ke gaya wa kwamfuta inda haske zai yi ƙyalli da inda zai mutu, akwai kuma ta tudu da kwari wadda ke sa ƙaramar tsaga ta yi inuwa ko da ragar ba ta da ramin. Wannan ta ƙarshe tana bayyana da launin shuɗi da shunayya, sai dai launukan lambobi ne da ke nuna inda kowane ɗigo ya fuskanta. Shi ya sa manhajar da aka horar da hotunan mutane da bishiyoyi kan ɓata ta idan aka ba ta ta faɗaɗa.

Lissafin ɗigo

Ana yawan jin 2K da 4K da 8K. Fata mai 2K tana da ɗigo 2,048 a tsaye da 2,048 a kwance, jimla sama da miliyan 4. Mai 4K tana da 4,096 a kowane gefe, kusan miliyan 17. Mai 8K tana da 8,192, sama da miliyan 67. Wato duk lokacin da aka ninka gefe sau biyu, nauyin ya ninku sau huɗu. Fata ɗaya mai 8K, idan aka buɗe ta ba tare da matsewa ba, tana cin megabait 256 na ƙwaƙwalwar na'ura. Samfuri mai irinta huɗu ya cinye gigabait guda, abin da zai durƙusar da yawancin wayoyin da ke hannun matasa a Zuru ko Birnin Kebbi, ban da kuɗin data.

Sai dai wannan lamba ita kaɗai ba ta faɗin komai. Abin tambaya shi ne ɗigo nawa ne ya faɗa a kan kowace milimita ta ainihin abin. Fata mai 4K da aka lulluɓa wa abu mai faɗin mita 2 tana ba da kusan ɗigo biyu a kowace milimita. A lulluɓa ta a katanga mai mita 20, ɗigo ɗaya zai wakilci kusan milimita 5, kuma duk zanen da bai kai wannan kauri ba ya ɓace. Haka kuma idan fiɗar ba ta yi kyau ba, aka bar rabin hoton fili ba komai a ciki, to rabin 4K ɗin sunan banza ne.

Akwai kuma iyaka da ta riga duk wannan, wato kyamarar da ta ɗauki hoton farko. Samfuran kayan tarihi galibi ana gina su ne daga ɗimbin hotuna da aka ɗauka ana zagaya abu, kowane hoto na hawa kan na kusa da shi, sannan manhaja irin su Metashape ko RealityCapture ko Meshroom ta lissafo siffar. A ɗauki wayar da hotonta ke da ɗigo 4,000 a tsawo. Idan mutum-mutumi mai tsayin santimita 60 ya cika hoton, kowace milimita ta samu ɗigo shida zuwa bakwai. Idan mai ɗaukar ya tsaya nesa, abin ya ci kashi ɗaya cikin goma na tsawon hoton, ɗigo ɗaya zai rufe milimita ɗaya da rabi. Tsaga mai faɗin milimita guda tana bukatar aƙalla ɗigo biyu, uku ya fi, kafin a ce an kama ta. A hoton farko tana nan, a na biyu babu ita, kuma babu manhajar da za ta dawo da abin da kyamara ba ta gani ba. In kuma aka tura hotunan ta WhatsApp ta hanyar da aka saba, za a matse su su dawo kusan ɗigo 1,600 a gefe mai tsawo, a yi asarar mafi yawan abin da aka sha wahalar ɗauka.

Hanyoyi uku, sakamako uku

Hanya ta farko ita ce komawa tushe. Idan hotunan asali suna nan kuma suna da kaifi, sai a sake fiɗar samfurin da kyau, a cike filin da aka bari, a bai wa fuska da wuraren zane kaso mafi girma, sannan a sake zuba launi daga hotunan zuwa babbar fata. Ana kuma iya raba samfuri ɗaya zuwa fatu da yawa, dabarar da masu manyan fina-finai suka yaɗa. In hotunan ne ba su da kyau, sai a koma a sake ɗauka daga kusa. Duk ɗigon da aka ƙara ta wannan hanya daga jikin abin ya fito.

Ta biyu ita ce miƙa hoto da lissafi: kwamfuta ta dubi ɗigo biyu maƙwabta ta cusa matsakaicinsu a tsakani. Wannan ƙara wa nono ruwa ne. Ƙwarya ta cika, nonon bai ƙaru ba. Ba ta da amfani sosai, amma ba ta yin ƙarya, domin dishi-dishin yana nan yana shaida cewa ba a gani da kyau ba.

Ta uku ita ce ta ƙirƙirarriyar basira, kuma ita ce ta sauya fagen. A 2014 masu bincike a Jami'ar Sin ta Hong Kong suka nuna cewa ana iya horar da kwamfuta da tarin hotuna ta koyi yadda hoto mai dishi-dishi kan kasance idan yana da kaifi. Tsarin ESRGAN ya fito a 2018, Real-ESRGAN ya biyo baya a 2021, dukkansu kyauta a intanet. Masoya tsofaffin wasannin kwamfuta suka rungume su, suka sabunta fatun wasanni irin su Final Fantasy VII, kamfanin Nvidia ma ya saka irin wannan dabara a manhajarsa ta RTX Remix. Sakamakon yana burge ido ƙwarai. Abin da ke faruwa a ciki kuwa shi ne, manhajar tana zana abin da ta saba gani a wuri irin wannan, tana cike giɓi da kintace mai kama da gaskiya.

Misalai uku sun isa su nuna haɗarin. A watan Yunin 2020 aka bai wa wata manhaja mai suna PULSE, ta masu bincike a Jami'ar Duke, hoton Barack Obama da aka dusashe, sai ta fitar da fuskar wani Bature tas da ita. A 2023 wani mai amfani da wayar Samsung ya dusashe hoton wata da gangan, ya buɗe shi a allon kwamfuta, ya ɗauke shi da wayar daga nesa, sai ga ramukan wata sun bayyana alhali babu su a allon. A 2024 kuma wani alƙali a jihar Washinton ta Amurka, Leroy McCullough, ya ƙi karɓar bidiyon waya da aka ƙara wa kaifi da ƙirƙirarriyar basira a shari'ar kisan mutum uku, bisa dalilin cewa manhajar tana nuna abin da take zaton ya kamata a gani ne.

Abin da ke ƙasar Zuru

Bena gari ne a Ƙaramar Hukumar Danko/Wasagu, cikin Masarautar Zuru a kudu maso gabashin Jihar Kebbi, daf da iyakar Zamfara, kuma kasuwarsa ta hatsi da dabbobi ta yi suna. A 'yan shekarun nan sunan yankin ya fi fitowa a labaran hare-haren 'yan bindiga. A watan Yunin 2021 kaɗai rundunar 'yan sandan jihar ta tabbatar da kashe mutum 88 a wasu ƙauyuka na ƙaramar hukumar. Mutane da dama sun bar gidajensu sun koma manyan garuruwa. Wanda ya gudu da ransa da 'ya'yansa ba ya ɗaukar kushewar kakansa.

A kan waɗannan kushewu ne ɗaya daga cikin fitattun fasahohin yumɓu na arewacin Najeriya take. Al'ummar Lelna, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, kuma suke da rinjaye a sassa da dama na masarautar, sun shahara da tukwane da mutum-mutumin yumɓu da ake ɗorawa a kan kabarin manyan mutane, irin su gwanayen farauta da kokawa da noma da shugabannin al'ada. Mata ne ke gina su, sana'ar kuma gado ce a wasu gidaje. Akwai siffofin mutane da na dabbobi da na mahaya doki, sau da yawa kai a ɗage, baki a buɗe, jiki da fuska ɗauke da zane. R.T.D. Fitzgerald ya yi rubutu a kansu a mujallar Man a 1944, Allen Bassing kuma a mujallar African Arts a 1973. Al'adar ta ja baya da yaɗuwar Musulunci da Kiristanci, amma kasuwar kayan a waje ba ta ja baya ba: ana ganinsu a gidajen tarihi da dakunan gwanjo na Turai da Amurka.

Doka a rubuce tana nan. Dokar soja mai lamba 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, ta hana fitar da kayan tarihi ba tare da izini ba. Najeriya kuma ta shiga yarjejeniyar UNESCO ta 1970 tun 1972. Sai dai yarjejeniyar ta ɗora nauyin kawo hujja a kan ƙasar da ke neman a dawo mata da kayanta. Ba ya isa a ce wannan irin namu ne. Dole a nuna cewa wannan ɗin, shi ba wani ba, a wuri kaza yake a lokaci kaza.

Me ke bambanta tukunyar kushewa ɗaya da 'yar uwarta? Tsarin Object ID, wanda cibiyar Getty ta fitar a 1997 don bayyana kayan tarihi ta yadda 'yan sanda za su gane su, ya tanadi gurbi na musamman don alamomin da suka keɓanta da abu, wato lahani da gyara da tabo. A yumɓu, su ne ɓallin kunne, baƙin da wuta ta bari lokacin gashi, tsagar da ta bi ta wuya, adadin layukan zane a kumatu da inda hannun maginiya ya karkace. Waɗannan su ne ainihin abubuwan da manhajar ƙara kaifi ke ɗauka a matsayin datti ta share, ko ta ga layi biyar masu dishi-dishi ta zana shida masu kyau. Lauyan mai gwanjo ba ya bukatar fiye da haka. Zai ajiye samfurin kusa da tukunyar, ya ƙirga layukan, ya ce ba ita ba ce. Samfurin da ya fi kyau a allo shi ne ya fi rauni a gaban alƙali.

Darasi daga Kuros Riba

An riga an ga yadda tsohon hoto na gaskiya ke aiki a Najeriya. A yankin Bakor na Jihar Kuros Riba akwai sassaƙaƙƙun duwatsu masu fuskar mutane, waɗanda Philip Allison ya zagaya ya ɗauki hotunan kusan 300 daga cikinsu a 1961 da 1962. Da yawa sun ɓace bayan yaƙin basasa. Tun daga 2016 gidauniyar Factum da ke Madrid, tare da ƙungiyar TARA mai kula da zanen duwatsu na Afirka da Jami'ar Kalaba, suka shiga gina samfuran dijital na waɗanda suka rage. A 2023 gidan tarihi na Chrysler da ke jihar Bajiniya ta Amurka ya mayar wa Najeriya ɗaya daga cikin duwatsun, bayan an gane shi a hoton Allison, aka kuma maye gurbinsa da kwafi da aka yi daga samfurin dijital.

Hoton da ya yi wannan aiki ya haura shekara sittin, ba ya kusa da kaifin wayar yau. Ƙarfinsa shi ne an san wanda ya ɗauka, an san lokaci da wuri, kuma babu wanda ya ƙara masa komai.

Masana fannin ba su ce a guji gyara gaba ɗaya ba. Daftarin Landan kan amfani da kwamfuta wajen nuna kayan tarihi, wanda aka fara tsarawa a 2006, ya nemi a bayyana wa mai kallo abin da aka gani da ido da abin da aka kintata, a kuma rubuta matakan da aka bi. Ma'ana, samfuri biyu ake bukata. Ɗaya na ajiya, wanda ba a taɓa ba, tare da hotunansa na asali. Ɗaya na nuni, mai sauƙin nauyi da zai buɗe a ƙaramar waya a aji ko a bikin Uhola, wanda za a iya ƙawatawa muddin an rubuta a jikinsa cewa an ƙawata.

Abin da ya kamata a tambaya

Maganar mayar da kayan tarihi zuwa dijital ta shiga bakin hukumomi da ƙungiyoyi, kuma duk inda kalma ta yi farin jini, kwangila na biye da ita. A nan ne wannan bayani ya shafi mai bin diddigin kuɗin jama'a. Ɗan kwangila zai iya ɗaukar hotuna kaɗan da gaggawa, ya gina samfuri mai rauni, ya tura fatar cikin manhajar kyauta, ya miƙa aiki mai tambarin 8K cikin yini guda, ya karɓi kuɗin aikin mako uku. A allon taron ƙaddamarwa babu wanda zai gane. Tambayar da za ta tona shi gajeriya ce: ina hotunan asali, guda nawa ne ga kowane abu, kuma ɗigo nawa ne a kowace milimita kafin a taɓa komai? Wanda ya yi aikin da gaske yana da amsar a rubuce.

Sai tambayar mallaka. A hannun wa fayilolin za su zauna, hukuma ko masarauta ko kamfanin da ya yi aikin, kuma a na'ura nawa? Kushewa ba ta gwamnati ba ce kawai, tana da 'ya'ya da jikoki, kuma izininsu ya riga kyamara. Akwai ma haɗarin da ba a cika lura da shi ba: hoton waya kan ɗauki lambobin wurin da aka ɗauke shi a ɓoye cikin fayil. A wallafa shi haka nan, an zana wa ɓarawo hanya har bakin kabari. Lambobin wuri na cikin kwafin ajiya ne, a cire su daga na nuni.

Aikin kansa bai fi ƙarfin ɗalibi mai waya mai kyau ba, a wurin da tsaro ya bari a je. Yumɓu ba ya ƙyalli, don haka yana da sauƙin ɗauka fiye da tagulla ko gilashi. Hasken da ya fi dacewa shi ne na inuwa ko na ranar da gari ya yi hazo, domin rana tsaka tana buga inuwa mai kauri da za ta manne a fatar har abada. A kashe duk wani tsarin ƙawata hoto da zuƙowa na wayar, a matso da ƙafa. A ajiye ma'auni mai santimita kusa da abin, da katin launi in akwai, domin a san girmansa da ainihin launinsa. A zagaya sau uku, daga ƙasa da tsakiya da sama, kowane hoto ya hau kusan kashi biyu cikin uku na wanda ya gabace shi, sannan a ƙara wasu na kusa sosai a fuska da duk inda ya ɓalle ko ya tsage. Tocila da aka haska daga gefe tana fito da zanen da ya fara shafewa, kuma irin waɗannan hotuna ana ajiye su daban. A kwashe fayilolin ta igiya ko katin ajiya zuwa na'ura biyu da ba sa ɗaki ɗaya, a rubuta rana da sunan wayar da sunan gidan da ya ba da izini a takarda, a haɗa da su.